Warin Safa

Sanyin Jos ba ya sallama.
Ta ƙarƙashin ƙofa yake shigowa, ya tsallake bargo,
ya tarar da kaina ba gashi,
ya baje kamar ya biya kuɗin haya.

Tabawa mai kitso ta zo ran Asabar yadda ta saba,
da tsinke da man kwakwa a leda.
Ta dubi kaina, na dubi hannunta.
Muka yi hirar tsadar gawayi.
Washegari ta dawo daga Taminus da ulu dunƙule uku
da ƙarafan saƙa biyu, ta ce:
shekara sha tara ina lulluɓe kan nan,
yanzu sai ki karɓi aikinki.

Hular farko ta fito kamar bakin buhun dankali.
Na sa ta a haka.

Duk sati uku, asibiti, Lamingo,
kujera ta huɗu daga taga.
Sista Kaneng ta san halina,
ba ta soka min allura a bayan hannu.
Jan ruwan yana rataye, yana saukowa
ɗis,
ɗis,
ni ma ina nawa ƙirgen: biyu gaba, biyu baya.
Shekara ashirin da shida na koyar da lissafi a Gangare,
sai yanzu na ga lambobi sun riƙe mutum kada ya faɗi.

Ba na fara babban abu.
Maigida ya sayo ulun bargo guda,
yana can saman kabad da ledarsa.
Ni dai safar jariri, matashin ɗaukar tukunya,
'yar riga ga filas ɗin shayi,
abin da zai ƙare tsakanin amai da amai.
Ba na son bar wa kowa rabin abu ya rasa inda zai ajiye.

Kujera ta biyar ta Mama Nanret ce, daga Pankshin.
Awaki bakwai ta sayar kafin allura ta uku.
Tana rera waƙar coci can ƙasan maƙoshi,
ni ina salati a bakin kowane layi,
zarenmu kan sarƙe a ƙasa, mu yi ta dariya.
Koriyar safa take yi wa autanta
mai gadin dare a wani gida a Rayfield.
Ta ce ƙafa ce ke fara sanin dare ya raba.

Ranar wata Talata na tarar da wani dattijo a kujerar.
Kaneng ba ta dube ni ba.
Ta ajiye ƙullin leda a cinyata,
ta ce an ce a ba mai hular nan.

Wari ɗaya cikakke.
Ɗayan ya tsaya a idon sawu, ƙarafan na jikinsa.

Hannunta matsattse ne, nawa sako-sako.
Ga shi maganin ya kashe min kan yatsu,
ina riƙe zare kamar da hannun aro,
bakina ɗanɗanon tsohon kwabo.
Sau uku na warware.
Wanda bai sani ba ma zai ga inda ta tsaya,
zai ga inda na ɗauka.

Yaron ya zo har ƙofar gida da asuba, daga wurin aiki,
tiriri na fita daga bakinsa.
Ya zauna a dakali ya cire takalmi.
Warina ya fi na uwarsa girma, kowa ya gani.
Ya ce dama ƙafarsa ta hagu ta fi ta dama.
Ban tambaye shi ko gaskiya ne ba.

Alhamis za a karanta min sakamakon hoto.
Koren ulun ya rage kamar lemun tsami,
ban san me zai isa ba.
An ɗauke wuta. Na jawo fitila kusa,
na ɗaura madaukin farko.